Yara Sun Cika, Iya

Jama'a, abin da zan ba ku yau ba tatsuniya ba ce, ba kuma a bakin wani na ji shi ba, ni ya faru da ni, ido biyu, da rana tsaka, kuma wallahi ban ƙara masa gishiri ba. Wanda ya yarda to, wanda bai yarda ba ma ban ga laifinsa ba, don ni kaina da a ce wani ne ya zaunar da ni a da ya ba ni labarin nan, cewa zan yi ya je ya sha magani ya kwanta.

Ni mutumin Damagaram ne. Karatu ne ya kai ni Paris shekarun baya, karatu ya ƙare aiki bai zo ba, sai na faɗa kasuwar Rungis ina dakon akwatunan kifi da kayan miya, har bayana ya fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Wani abokina da muke haɗuwa wajen cin abinci a unguwar Barbès shi ya ce mini ana neman surbeyan a wata makarantar sakandare ta 'yan Katolika a Lyon. Surbeyan shi ne mai lura da ɗalibai: kai ne a bakin ƙofa da safe, kai ka san wanda ya zo da wanda ya makara da wanda ya sulale, kai ne mai raba faɗa, kai ne mai ƙwace waya, yaro ya zame a matakala kai za a fara nema. Na ce masa, ni Musulmi, makarantar coci? Ya ce kai dai tafi, ai ba limanci za ka yi musu ba.

Na tafi kuwa. Wadda ta ɗauke ni aiki, shugabar masu lura da ɗalibai, sunanta Madame Perrin, wata gajeriyar mata mai tabarau rataye a wuya, ba ta iya tafiya ba sai sauri. Ba ta tambaye ni addinina ba. Cewa kawai ta yi, iyaye suna ba mu yaro da safe, mu kuma mu mayar musu da shi da yamma yadda suka ba mu, aikin ke nan, sauran duk surutu ne. Tun ranar matar nan ta kwanta mini a rai.

Makarantar a jikin tudu take, tsohon gidan masera ne, wato matan nan na coci masu lulluɓi da ba su aure, mu dai can gida haka muke kiran su. Ginin dutse ne mai kauri, matakala nan, lungu can, wata ƙofar ka buɗe ka ga aji, wata ka buɗe ka ga bango. Yaran kuwa, Allah Ya shirya su, na so su so na gaskiya. 'Ya'yan masu hali ne yawancinsu, amma yaro yaro ne ko a ina, ƙaryar makara iri ɗaya ce da ta yaran unguwarmu, motar haya ce kawai ta maye gurbin jaki. Saboda kullum ina tsaye a gindin matakala ina yi musu ihun doucement, doucement, wato a hankali, sai suka laƙaba mini Monsieur Doucement, har malamai suka ɗauka, har wasu iyayen suka zaci sunana ke nan na yanka.

A cikinsu akwai wata yarinya, Clémence, ba ta wuce sha biyar ba, siririya, ga baki kamar reza, ga ciwon asma, kullum abin shaƙarta yana cikin jaka. Ita ce ciwon kaina kuma ita ce abin dariyata. In ta makara ba ta yin ƙarya irin ta sauran, sai ta dube ni ta ce, Monsieur Doucement, ai kai ka ce a yi a hankali. Iyayenta sun rabu, mako ɗaya tana gidan uwa, mako ɗaya gidan uba, haka suke yi a can, yaro ya zama kamar tukunyar aro. Ku riƙe wannan, zai dawo.

To matsalata ɗaya ita ce azahar. Ba wanda ya hana ni salla, ni ne dai ban tambaya ba, ina tsoron kar a ce sabon zuwa ya fara kawo iyayi. Sai na dinga yawo lokacin cin abincin rana ina neman lungu, har na gano wani dogon baranda a bayan ɗan cocin makarantar, ba kowa ke bi ta nan ba, a ƙarshensa akwai wani ɗan ɗaki da ake tara tsofaffin zannuwan gado da labule. Na ce alhamdulillahi, ga masallacina. Ranar da na fara zuwa da 'yar dardumata a naɗe cikin riga, ina shan kwana sai na ga mutum. Wata tsohuwar masera ce zaune a kujerar katako kusa da taga, farar fata, ta tsufa tukuf, lulluɓi ruwan toka, bargo a gwiwa, amma abin da idona ya fara kamawa ƙafarta ce: takalmin fata ne irin namu na Damagaram, mai jan ado a sama, cikin sanyin nan.

Na ce a raina shi ke nan an kama ɓarawo. Amma kun san tarbiyyar gida ba ta neman izininka, ba a wuce babba a tsaye ƙiƙam, kafin in yi tunanin Faransanci gwiwata ta riga ta rusuna, bakina ya riga ya ce, "Sannu, Iya."

Ta ɗago ta dube ni, ta yi murmushi, ta ce, "Yawwa, sannu ɗana. Ina gajiya? Ina baƙunta?"

La ilaha illallahu! Jama'a, Hausa, Hausar Damagaram tsantsa, irin ta kakanninmu wadda mu ma mun fara sakinta. Ta nuna ɗakin da haɓa ta ce, "Alƙibla wajen kusurwar can take. Shiga ka yi sallarka, ina nan, ba mai damunka."

Daga ranar muka ƙulla. Kullum in na zo sai na durƙusa mun gaisa gaisuwa mai tsawo, ta tambayi gida, ta tambayi mahaifiyata, ta tambaya ko an yi ruwa bana a can. A hankali ta ba ni labarin cewa ƙuruciyarta duk a ƙasarmu ta yi ta, a wani ɗan asibitin mata da yara, tana wankan jarirai tana ɗaure gyambo, a bakin matan ƙauye ta koyi Hausa, shi ya sa in ta yi wata maganar sai in ji kamar kakata ce ta dawo. Tana tsokanata ma, wai gemuna bai san inda ya dosa ba, wai wace mace ce za ta yarda da mutumin da wuyan rigarsa yake a karkace. Ina kawo mata dabino, wani lokaci kilishi in an aiko mini, sai ta ce, "Aje nan bisa taga, ɗana, haƙora sun riga ni tahiya." Ban taɓa ganin ta ɗauka ba, ban kuma kawo komai a raina ba.

Za ku ce, duk wannan ba ka tambayi sunanta ba? Ina! A gidanmu yaro ya dubi tsohuwa ya ce mene ne sunanki? Iya ta ishe ni. Za ku ce ba ka yi wa kowa zancenta ba? To in na yi zancenta ai na tona asirin sallata. Kuma me zai ba ni mamaki don na ga masera a makarantar coci, ai kamar ka ga liman ne a masallaci. Abin da dai yake ƙona mini rai, jefi-jefi wani malami ko mai shara zai ratsa ta barandan nan, ya ce mini bonjour, gaisuwarsu ke nan, ya wuce ta gabanta ko kallo babu. Sai in ce a raina, kai Turawa, Allah Ya ba ku komai Ya hana ku gaisuwa.

Abu ɗaya ne ba ta taɓa fashinsa ba. Duk ranar da na idar da salla na fito, sai ta ce, "Yara sun cika?" Ni kuma in ce sun cika, Iya, ko in ce saura wane da wance, mura ta kwantar da su, iyayensu sun kira. Sai ta gyaɗa kai. Wata rana ta ce mini, "Kar ka tsaya ga ƙirgen kai kawai. Ido ba mudu ba, amma ya san kima. Dubi huska, wanda ya zo da jikinsa ya baro ransa a gida, shi ma bai zo ba." Wallahi aikin surbeyan a wajen tsohuwar nan na koye shi, ba a ofis ba.

Haka muka tafi har ranar Juma'ar da za a tashi hutun Kirsimeti. Da safiyar ranar na kama Clémence da waya a baranda, kuma doka ce, in an kama sai an tashi za a mayar. Na miƙa hannu, ta damƙa mini tana harara, ta ce ni ba ni da zuciya, dutse ne a ƙirjina. Na ce na ji, ki zo ki karɓa in an tashi. Hidima ta yi yawa ranar, ban samu kai wayar ofis ba, na jefa ta aljihun cikin kwat ɗina na ci gaba da harkata.

Al'adar makarantar a irin wannan rana, bayan cin abinci masu so su tafi coci a yi addu'ar rufe zango, waɗanda ba su so su zauna a babban ɗakin nazari, ni nake tsaronsu. Daga nan sai a wangale babbar ƙofa kowa ya kama gabansa, ranar ba a tsayawa duba katin fita na ɗalibai, wa zai iya tare ruwa da hannu. Aka buɗe kuwa, suka fita kamar an ɓalle garke, ana ta runguma ana ihu. Za a kashe na'urar ɗumama gini, a kulle ko'ina, ba mai sake leƙowa sai bayan sabuwar shekara. Na yi zagayena yadda aka saba, aji aji, banɗaki banɗaki, na kashe fitilu, na je na ce wa Madame Perrin ba kowa. Ni ma sauri nake yi, ina da jirgin ƙasa zuwa Paris da yammar, washegari akwai sunan ɗan abokina a unguwar Belleville, har na fara jin ƙanshin naman suna.

Lokacin sanyi a can la'asar ba ta jira, rana tana saurin faɗuwa, sai na ce bari in ruga in yi salla in yi wa Iya sallama. Ina shan kwanar barandan na gan ta a tsaye. Ban taɓa ganin ta a tsaye ba sai ranar, bargon ya zube a ƙasa, ta dafa bango da hannu ɗaya. Ko gaisuwata ba ta amsa ba, ta ce, "Yara sun cika?"

Na ce, "Sun cika, Iya, kowa ya tafi gida, sai Allah Ya kai mu baɗi."

Ta ce, "Ba su cika ba."

Na yi 'yar dariya na ce ai yanzu na gama zagaye, ko ɓera babu. Ta dube ni wani irin kallo, ba na faɗa ba, irin kallon da uwa take yi wa ɗan da ta san ya fi haka hankali. Ta ce, "Ka duba bisa, ba ka duba ƙasa ba." Na ce Iya, ƙasa ai rumbun tsofaffin kaya ne, a kulle yake shekara da shekaru, ba mai shiga. Ta ce, "Ɗana, Allah Ya san kana tahe wajen salla. Ɗiyar nan kuwa numfashinta ba ya jira. Tahi."

Tana faɗin haka na ji wani abu yana motsi a ƙirjina, ashe wayar Clémence ce take rawa a aljihu, saƙo ya shigo. Jama'a, nan take na zaro ta na duba. Clémence ta tafi hutu ta bar wayarta? Yarinyar da za ta iya mantuwa da ƙafarta a aji amma ban da waya? Na yar da darduma na kwasa da gudu, ni Monsieur Doucement, ina tsallake matakala bibbiyu.

Na samu Madame Perrin ta sa kwat tana neman makullin motarta. Na nuna mata wayar. Ta ce ai tana cikin 'yan coci. Aka kira malamin da ya raka 'yan coci, ya ce shi ya ɗauka tana wajena a ɗakin nazari. Aka kira uwar, ta ce wannan makon na ubanta ne. Aka kira uban, ya ce ai ta gaya masa za ta zauna wajen uwarta sai Litinin. Kun gani? Kowa ya ɗauka tana hannun wani. Da mun kulle ƙofar nan mun tafi, ba mai cewa ina Clémence sai an kwana uku. Na ce Madame, ƙasa, mu duba ƙasa. Ba ta tambaye ni dalili ba, Allah Ya saka mata, ta zari tarin makullai muka nufi bayan coci.

Ashe akwai wata 'yar ƙofar ƙarfe a ƙarƙashin matakalar bayan cocin wadda makullinta ya lalace, yara sun gano, mu manya ba mu sani ba. Daga waje tana buɗuwa, in ta rufe kuwa daga ciki ba mariƙi. Na ja ta da ƙarfi, sai ga yarinya ta zubo a ƙafafuna, dama a jikin ƙofar take jingine. Leɓenta ya yi shuɗi, numfashinta yana fita da wani siririn fito, idonta a buɗe amma ba ta iya magana. Wurin duhu, ga ƙura, ga sanyi kamar cikin randa. Ta shiga ne ta ɓuya don ba ta son cocin, ba ta son ɗakin nazarin, ba ta kuma son zuwa gidan ko ɗaya daga cikin iyayen, tana so ta yi kukanta ita kaɗai, iska ta turo ƙofa. Ta yi ihu har murya ta ƙare, ginin dutse ya shanye, asma ta taso, abin shaƙar kuma yana cikin jakarta da ta bari a akwatin ajiyarta a sama.

Na cire kwat ɗina na naɗe ta, na ɗauke ta kamar jaririya na haura da ita, ina ta faɗin doucement, doucement, ban san ko ita nake gaya wa ko kaina ba, hawaye yana zuba ban ma sani ba. 'Yan kwana-kwana suka zo, don a can su ne masu ɗaukar mara lafiya na gaggawa, suka sa mata iska suka tafi da ita. Daga baya likita ya ce wa iyayen da ta kwana a wurin nan da sai dai wani labarin. Jirgina ya tafi ya bar ni, naman suna kuma wasu suka ci, ban taɓa jin daɗin asara irin wannan ba.

Da ƙura ta lafa, muna zaune a ofis, Madame Perrin ta haɗa mini shayi ta ce, yanzu gaya mini, wa ya ce maka ƙasa? Na ga ba makawa, na sunkuyar da kai na ce Madame, ni fa ina salla a ɗakin zannuwa. Ta yi dariya har da tari, ta ce wannan kowa ya sani, kana tsammani don me mai shara take goge ɗakin nan kullum? Kunya ta kama ni. Na ce to maserar da take zama a barandan ce ta gaya mini. Dariyar ta tsaya. Ta ce wace masera? Ai rabon gidan nan da masera an daɗe, 'yan tsofaffin da suka rage duk an kwashe su zuwa gidan tsofaffi na ƙungiyarsu a gefen Paris. Na ce haba Madame, kullum muna tare, na kwatanta mata ita, lulluɓin, bargon, da na zo kan takalmin fata mai jan ado sai na ga matar nan ta cire tabarau ta ajiye a tebur.

Ta ce Sœur Bernadette ke nan, wato masera Bernadette. Ta ce, ita ce take riƙe da wannan aikin nawa kafin ni, ita ta koya mini, kujerar nan tata ce, daga tagar ana hango filin wasa duka. Na ce, a hankali, ta rasu ne? Ta ce a'a, tana da rai, amma shekarunta nawa ba ta sauka daga gado ba, ba ta gane kowa, ko Faransanci ta daina yi, na je duba ta bara ba ta san ni ba.

Muka tashi tare muka je barandan. Kujera tana nan, ba kowa, ƙura a kanta wadda ta nuna an daɗe ba a zauna ba. Dardumata tana yashe inda na yar da ita. A kan taga kuwa ga dabinona nan a jere, duk wanda na taɓa kawowa, sun bushe sun ƙanƙance. Wallahi ba tsoro na ji ba, wata irin kewa ce ta kama ni.

Cikin hutun na je Paris na nemi gidan tsofaffin. Wadda ta tarbe ni wata ma'aikaciya ce mai kula da su, Hajja Maimuna, mutuniyar Garwa ta Kamaru, da ta ji wadda nake nema kuma ta ji Hausa a bakina sai ta riƙe haɓa. Ta ce kafin ta zo gidan kowa ya ɗauka sambatun tsufa tsohuwar take yi, ita ce ta fara gaya musu wannan ba sambatu ba ne, yare ne, Hausa ce. Ta ce kullum da tsakar rana sai ta yi shiru ta ƙura wa bango ido, ƙafafunta su yi sanyi ƙalau, bakinta yana motsi kamar mai amsa gaisuwa, wani lokaci har da dariya. "Amma Juma'ar da ta wuce, Malam, ta tayar mana da hankali. Ta yunƙura za ta tashi, mu biyu muka riƙe ta, tana ta faɗin ka duba ƙasa, ɗana, ka duba ƙasa. Mun duba ƙarƙashin gado har mun gaji."

Ta kai ni ɗakin. Ga ta nan a gado, ta ƙanƙance ta zama kamar yarinya, ido a rufe, ba lulluɓi, farin gashi kaɗan a kai, amma ita ce, ko a cikin dubu zan gane ta. A ƙarƙashin gado ga takalmin fata a ajiye. Na durƙusa a gefenta na ce, "Sannu, Iya."

Ta buɗe ido, ba ta yi mamakin ganina ba ko kaɗan. Ta ce, "An same ta?"

Na ce, "An same ta, tana lafiya. Yara sun cika, Iya."

Ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "Madalla." Can kuma ta ce, "To kai, ka rama la'asar ɗinka?"

Nan fa na fashe da kuka, ƙato da ni, ina kuka ina dariya, Hajja Maimuna ma tana share ido da gefen mayafi. Na ce na rama, Iya. Ta lalubo hannuna ta riƙe, hannunta ba nauyi kamar busasshen ganye, ta ce, "Na gaji, ɗana. Kujerar nan, ka riƙe mini ita." Ni kuwa me zan ce? Tsohuwa ta roƙe ka abu tana kwance, ai ba ka tsayawa tambayar me take nufi. Na ce to, Iya. Ta rufe ido ta koma barcinta. Kafin sanyin shekarar ya fita Hajja Maimuna ta kira ni ta ce ta cika.

Na ƙara shekaru a makarantar. An gyara ƙofar ƙarfen, an kuma daina sakin yara ranar hutu sai an haɗa 'yan coci da 'yan ɗakin nazari an ga kowa. Clémence ta gama ta tafi, har yau in shekara ta juyo tana aiko mini da gaisuwa, wai zuwa ga Monsieur Doucement mai dutse a ƙirji. Ta taɓa gaya mini cewa lokacin da take cikin duhun nan ta ji wata a bayan ƙofa tana yi mata 'yar waƙa da yaren da ba ta sani ba, da ta kwaikwayi muryar sai na ji irin rarrashin da matanmu suke yi wa goyo ne. Kujerar kuwa kullum na zo salla sai na ce mata sannu Iya, ko da ba mai amsawa.

Daga baya na samu aikin ofis a Paris, na yi aure, wata dai ta yarda da karkataccen wuyan rigar. Na ɗauka labari ya ƙare. Sai bara, ina zaune, ga kiran Madame Perrin, tana ta yi mini ƙorafi wai ashe haka nake, in zo Lyon har cikin makaranta in kasa leƙowa ofis mu gaisa. Na ce Madame, rabona da Lyon ai an daɗe. Sannan ta ce sun ɗauki sabuwar surbeyan, wata yarinya 'yar Chadi mai ladabi, ita ce ta zo ta ce ta ga wani baƙin mutum mai ɗan gemu a kujerar barandan baya, ta gaishe shi, ya amsa da Hausa, ya tambaye ta ko yara sun cika, ya ce ta leƙa ɗakin canja kaya na 'yan wasa. Ta leƙa ta samu wani yaro ya faɗi ya fasa kai shi kaɗai. Na tambaye ta wace rana ce. Da ta faɗa sai na tuna, ranar bayan azahar barci ya sace ni a kujerar ofis, abin da ba na yi, na farka ƙafafuna sun yi sanyi ƙalau, ina jin warin tsohon dutse a hancina.

Ban san mene ne wannan ba, jama'a. Na tambayi malamai, wani ya ce mafarki ne, wani ya ce in yawaita addu'a, ina kuwa yi. Matata dai ta ce in muna gida da rana wani lokaci nakan yi shiru in ƙura wa bango ido ina motsa baki, kuma ta lura ba na yi sai lokacin da makarantu suke buɗe.

Shawarata gare ku, duk wanda aka ba amanar 'ya'yan mutane, malami ne ko direba ko mai gadi, kar ya ce ai yana hannun wane, ya je ya gani da idonsa, in ya duba sama ya duba ƙasa. Kuma duk inda kuka ga tsoho zaune shi kaɗai a lungu, ko a wace ƙasa ce, ko wane addini yake yi, ku rusuna ku gaishe shi, ba ku san abin da yake tsare muku ba. Amma in ya kama hannunku ya ce ku riƙe masa wani abu, to ku san abin da kuke cewa to a kai. Ni dai na riga na ce, kuma ko yau aka sake tambayata, to ɗin zan sake cewa.